Hon Ɗin Ƙofar Gidanmu

Sallama gare ku masu biye da ni. Na ga saƙonninku, har da na baiwar Allah nan da ta ce wai na cika zafin rai, in bar bawan Allah ya sha iska. To 'yar uwa na ji, amma ki bari ki ji ƙarshen zancen kafin ki yanke min hukunci. Ga waɗanda yau suka fara leƙowa kuma, sunana Zinnira, 'yar Gwarzo ce ni, gidanmu yana bakin titin da ya taso daga Kano ya nufi Dayi. Babana Malam Dabo direban tirela ne tun kafin ya auri Innarmu. Wanda nake so kuwa sunansa Muntari, ɗan Kabo, kuma shi ne mutumin da Baba yake koya wa mota.

Bari in fara muku da hon, don idan ba ku san shi ba, ba za ku gane komai ba.

Baba tumatir da albasa yake ɗauka daga Kano zuwa Ikko. Mai lodin tumatir ba ya tsayawa gaisuwa, ko da kuwa ta ƙofar gidansu ya bi, don kafin ya gama "ina gajiya" kayan mutane sun fara ruwa. Saboda haka Baba yana da abin da yake yi. Da ya zo daidai darbejiyar ƙofar gidanmu sai ya danna hon, gajeru biyu, sannan dogo ɗaya. Duk abin da Inna take yi sai ta tsaya cak, ko daka ne taɓaryar ta tsaya a sama, ta ce "Allah ya kiyaye hanya," sannan ta ci gaba. Ni da ƙanwata Lailatu da gudu muke fita muna yara, ba takalmi ba ɗankwali, amma ba abin da muke tararwa sai bayan mota da tamfol yana kaɗawa. Haka muka girma. Wallahi na fi sanin hon ɗin Baba a kan muryarsa.

Muntari ba yaro ba ne lokacin da ya zo, da gemunsa. Lambun tumatir yake yi a bakin dam ɗin Guzuguzu can Kabo, tsutsa ta shiga ta cinye shi tas, shi ne kawunsa ya riƙo hannunsa ya kawo shi zaurenmu. Ina bayan ƙofa ina jin su. Baba ya ce, "Kai da girmanka za ka iya karen mota?" Ya ce, "Zan iya, Baba." Baba ya ce, "To ga bokiti can."

Ni na kai masa abinci ran nan. Na same shi a ƙarƙashin mota ya yi dumu-dumu da baƙin mai, ido kawai ake gani. Na ajiye kwanon na ce, "Sannu Malam direba." Ya leƙo ya ce, "Ranki ya daɗe, tukuna dai, yanzu taya ma ta fi ni muƙami." Dariya ta kuɓuce min. Daga nan ne fa, kada ku tambaye ni yadda aka yi.

Idan suna hanya, saƙon murya yake turo min duk inda suka yada zango. Ta nan na san rayuwar da Baba bai taɓa ba mu labarinta ba. Ina jin ƙarar injin a bayansa, da masu tallan rake, wani lokaci har muryar Baba yana masa faɗa.

"Zinnira, muna Funtua. Yau babanki ya sa na sa waigi na cire, na sa na cire har hannuna ya yi kanta. Wai wanda bai iya tare taya da katako ba, ba shi da haƙƙin taɓa sitiyari."

"Mun wuce Tegina. Ya ce in rufe ido in faɗa masa giya ta nawa muke kai. Na ce ta biyar, ya murɗe min kunne. Wai mota da kunne ake tuƙa ta."

"Yau na dafa shinkafa da wake a gindin mota, ya ci ya ce Allah ya isa tsakaninsa da wanda ya koya min girki. Amma fa ya cinye."

Ranar da Baba ya fara ba shi sitiyari, a wani miƙaƙƙen titi bayan Mokwa, da ɗoki ya turo min saƙo. Ya ce ƙafarsa ta ƙi zama a kan kuloci, gumi ya jiƙa masa riga, Baba kuwa yana gefe yana ɓare gyaɗa yana cewa, "Madubi, Muntari, madubi. Abin da ke bayanka ya fi na gabanka tsawo." Ya koya masa kada ya dogara da birki a gangara, ya saukar da giya tun yana sama. Ya koya masa yadda ake buɗe kwana don kada bayan mota ya kwashi mai babur. Ya koya masa inda ake kwana da inda ko fitsari ba a tsayawa. Abu ɗaya kawai ya ce masa haramiyarsa ce. Muntari ya faɗa min yana dariya: "Ya ce ko na shekara goma ina tuƙi, in mun zo Gwarzo in ba shi kujerarsa. Wai hon ɗin ƙofar gida nasa ne, da Inna yake magana."

Na saurari wannan saƙon har Lailatu ta haddace shi, tana kwaikwayonsa idan tana son ta ƙular da ni.

Da maganarmu ta fito fili, kawun Muntari ya zo neman izini. Baba ya karɓe shi da mutunci, aka ci aka sha, sannan ya ce yaron ba shi da aibu ko ɗaya, amma shi Dabo ba zai ba direba 'yarsa ba. Da yamma ya kira ni tsakar gida, Inna tana gefe tana tsince wake. Ya ce, "Zinnira, ranar da aka haifi Lailatu ina Jebba, mota ta lalace, sai bayan suna na gan ta. Mahaifiyata ta rasu ina Ibadan, ƙasar kabarinta kawai na tarar. Ki dubi uwarki. Rabin rayuwarta a sauraren titi ta yi shi. Ni na yi mata haka, ba zan ɗauke ki in miƙa wa wani ya yi miki ba. In yana sonki ya sauka, ya koma lambunsa. Ranar da ya sauka, ranar zan ce su turo."

Inna ko ɗago kai ba ta yi ba. Ni kuwa daɗi ne ya kama ni, don ban ga abin wuya a ciki ba. Kawunsa ma ya ce zai yankar masa fili a bakin ruwa. Muntari ya ce min in bar shi ya ƙarasa watannin sanyi, ya ɗan samu na iri da taki, da zafi ya shigo zai ajiye.

Jama'a, na yi shiri. Na kai atamfata mai ruwan ganye ɗinki, wadda na ɓoye a ƙasan akwati tun ƙaramar salla, na ce a yi min riga da siket da ɗan aiki a wuya, don ranar da za su zo gaisuwa. Na sayi mayafi ruwan madara. Har tunanin ɗakina nake a Kabo, wai taga tana kallon lambu, miji yana dawowa da la'asar da taɓo a ƙafa in ce masa kada ya taka min leda. Abin da Inna ba ta taɓa samu ba ke nan, mijin da za a yi wa faɗan taɓo kullum.

Zafi ya shigo. Mangwaro ya nuna. Ina zaune a ɗaki ina goge atamfar nan saƙo ya shigo, ba na murya ba, rubutacce.

"Zinnira ki yi haƙuri. Ba zan iya sauka yanzu ba."

Na karanta na sake karantawa. Na rubuta, "Ban gane ba."

"Ba zan iya barin motar ba."

"Sai yaushe?"

"Ban sani ba."

"Dalili?"

Ya daɗe yana rubutu yana gogewa, ina ganin alamar. Can sai ga shi: "Ba ni da ikon faɗa. Amma wallahi ba don na daina sonki ba ne."

Kai! Ranar na ga ja. Na kira shi, ko sallama ban amsa ba. Na ce, "Muntari, ni za ka mayar 'yar iska? Ka ɗanɗana sitiyari ka ji daɗi, ko? An fara ce maka oga a tasha, kanka ya kumbura. To ka auri motar, ta haifa maka tayoyi!" Yana ta "Zinnira ki saurare ni," na ce in saurari me, ka faɗi dalili ka ce ba ka da iko. Na kashe wayar na cusa ta ƙarƙashin filo, na kifa kai na yi kuka har ƙarfen guga ya huce.

Ban sake amsa masa ba. Ya kira, ya turo saƙo, na ƙi buɗewa. Amma tunda na yi alkawarin ba zan ɓoye muku komai ba, ga gaskiya: tsofaffin saƙonninsa nake kunnawa. In shiga bayan ɗaki wajen turken awaki kamar zan ba su dusa, in kanga wayar a kunne in ji shi yana cewa "muna Funtua." Kewarsa ta hana ni cin abinci. Ko tirelar wani ce ta wuce sai in kasa kunne. Ina jin haushinsa kamar in shaƙe shi, kuma da zai yi sallama a zaure a lokacin, da ba mayafi zan fita. Lailatu ta ce, "Yaya, ke da kika ce ya auri mota, me kike yi da wayar a wajen awaki?" Na jefe ta da murfin kwano.

Ranar wata Talata da hantsi muna tsakar gida, Inna tana tankaɗe a tabarma, ni ina wanke-wanke a bakin rariya. Sai ga shi daga titi. Gajeru biyu, dogo ɗaya. Sun ɗauko lodi za su gangara kudu.

Inna ta tsayar da rariyar tankaɗen ta ce, "Allah ya kiyaye hanya."

Ni kuwa baƙin ciki ya taso min, na ce, "Amin don Baba. Wancan na gefensa kuwa shi ya sani."

Inna ta dube ni. Ba ta saba dubana haka ba. Ta ce, "Wa ya faɗa miki a gefe yake?"

Na ce, "Inna, ai Baba ba ya ba kowa kujerarsa a Gwarzo."

Ta karkaɗe garin da ke hannunta a hankali. Ta ce, "Wannan ba hannun babanku ba ne."

Na saki soson a cikin ruwa. Na ce, "Kamar yaya? Ai shi ne, gajeru biyu da dogo."

"Babanku yana jan dogon har sai ya wuce masallaci, don yana kallon ƙofar gidan nan ta madubi, ba ya saki sai ta ɓace masa. Wannan yana saki da wuri. Tsoron abin yake, ya san ba nasa ba ne." Ta ƙara da cewa, "Tun sanyi nake jin haka."

"Tun sanyi? Inna, kika yi shiru?"

Ta ce in matso. Na matso na durƙusa a gefen tabarmar, hannuna duk kumfa. Ta rage murya ko da yake daga mu sai kaji. Ta ce tun kaka ta fara lura. Hon ɗin da shekara da shekaru yake tashi daidai darbejiya, sai ya fara makara, sai mota ta wuce gidan sannan a ji shi. Wata rana ma sai can wajen masu faci ya tashi. Ta ce, "Mutumin da ya dasa bishiya da hannunsa, ya zo ya wuce ta bai gan ta ba, me kike tsammani?" Daga baya sai hon ya dawo daidai wurinsa, amma da wani hannun. Ta ce in ya dawo gida tana lura da shi, yadda yake laluben takalminsa da ƙafa, yadda ya daina karanta lambar da ta kira shi sai ya ce Lailatu ta duba masa wai hasken wayar ne ya yi yawa.

"Idonsa ne, Zinnira. Yanar ido ce ta rufe shi. Yaron nan shi yake tuƙa motar, babanku yana gefe yana faɗa masa hanya da ka."

Na ce, "To me ya sa ba zai faɗa ba? Ai ana aikin yana a Kano, mutane suna warkewa!"

"Ranar da mai motar ya ji, ranar zai karɓi makulli. Babanku kuma bai san kansa ba sai a cikin motar nan. Ni kuwa ba zan tsaya a gabansa in ce Malam ka makance ba. Ban iya ba." Ta ɗauki rariyarta. "Na so in yi shiru har ya faɗa da bakinsa. Amma na ga kina neman zagin wanda yake riƙe da ran ubanki."

Ban san lokacin da na tashi na shiga ɗaki ba. Na buɗe saƙonnin da na ƙi buɗewa. Ba wani dogon bayani a ciki. "Mun isa lafiya." "Baba ya ci abinci." "Mun wuce gadar Jebba lafiya." "Baba yana lafiya." Kowane saƙo da Baba a ciki, ni kuma ina can ina cewa kansa ya kumbura. Na rubuta masa, "Inna ta gane hon ɗin." Bai amsa ba sai da suka tsaya sallar azahar.

"Na yi iya ƙoƙarina in yi irin nasa."

Na rubuta, "Baba ne ya ce kada ka sauka?"

"A'a. Cewa ya yi in sauka in aure ki, zai iya shi kaɗai. Har rantsuwa ya sa na yi ba zan faɗa wa kowa ba. Zinnira, a gangaren da ke bayan Tegina ya tambaye ni ko motar gabanmu tafiya take ko tsaye. Tsaye take. Ta yaya zan sauka?"

Na rungume wayar a ƙirjina. Duk iya bakin nan nawa da kuka sani, ranar ya ƙare.

Da suka juyo ba lodin gaggawa, suka tsaya a gida da la'asar. Muntari ya yi fakin a gindin darbejiya ya zauna a zaure, bai shigo ba. Baba ya shigo da sallama, da jallabiyarsa ruwan toka da hular da ta sha rana. Yanzu da na sani sai na ga komai. Na ga yadda yake bin bango da gefen hannu kamar wasa. Na ga yadda Inna ta riga ta janye turmi da bokiti daga hanyarsa tun kafin ya shigo, ashe ta daɗe tana yi.

Ya zauna a tabarma, muka gaishe shi. Na sa atamfar nan mai ruwan ganye da gangan, na zauna daf da shi. Da can ko ɗankwali na sake sai ya ce "wannan kwalliyar fa ta wa ce?" Ranar bai ce komai ba.

Ya yi gyaran murya ya ce, "Zinnira, na ba yaron nan zaɓi. Na ce ya sauka, ya ƙi. Ya zaɓi hanya. Sai ki yi haƙuri, Allah ya ba ki wanda ya fi shi."

Na ce, "To Baba." Na zuba kunun tsamiya a kofi na miƙa masa. Ban sa masa a hannu ba kamar yadda Inna take yi, na tsayar da shi a gabansa. Allah ya yafe min. Ya miƙo hannu, hannun ya wuce ta gefen kofin ya kama iska. Ya sake lalubowa. Inna ta kawar da kai.

Na kama hannunsa na sa masa kofin, ban saki ba. Na ce, "Baba, ranar Talata wa ya danna mana hon?"

Baba ya juya wajen da yake zaton Inna take ya ce, "Asta, ke ma kin sani?"

Inna ta ce, "Tun kaka, Malam."

Ya ajiye kofin. Ya sa hannu a aljihu ya ciro makullin motar, mai ɗaure da tsohuwar fatar nan da muka sani tun muna yara. Yana juya shi a tafin hannunsa ya ce, "In na kai yaron nan wajen mai mota na ce ga wanda na yaye, ya zama direba ke nan. Ba lambu, ba Kabo. Zama irin na uwarki za ki yi, kina sauraren titi."

Na ce, "Baba, tunda aka haife ni nake saurarensa. Gara in saurari wanda ya ƙi barinka a gangara."

Inna ta ce, "Ni ban taɓa kawo maka ƙara ba, Malam. Kai ka yanke cewa wahala na sha." Ban taɓa jin ta yi masa magana haka ba, shi ma na ga alamar bai taɓa ji ba.

Baba ya sunkuyar da kai. Can ya ɗago, idanun nan da suka yi fari-fari sun cika da ruwa. Ya ce, "Ungo. Kai wa Muntari zaure, ki ce ya shigo ina son magana da shi. Ki kuma faɗa masa ya riƙa jan dogon, ba a sakinsa sai an wuce masallaci."

Ya miƙo makullin. Amma ba ni ya miƙa wa ba, wajen turken awaki ya nufa da shi, inda ba kowa. Ban ce masa ga ni nan ba. Na tashi na zagaya, na je na durƙusa daidai inda hannunsa yake, na karɓa da hannu biyu.